Buɗe Kamfani A Ƙasar Waje Don Samun Izinin Aiki: Abin Da Doka Ta Tanada

Kasuwar Gamboru da ke birnin Maiduguri na daga cikin kasuwannin da harkarsu ta daɗe da ƙetare iyakar Najeriya. Hanyar da ta fita daga birnin ta bi ta Mafa da Dikwa har zuwa Gamboru Ngala, ta haye gadar El Beid zuwa Fotokol a Kamaru, daga nan ta zarce Kusseri da Njamena, babban birnin Chadi. Shekara da shekaru fatake na bin wannan hanya da kayan masarufi, suna dawowa da dabbobi da amfanin gona, kafin rikicin Boko Haram ya tsayar da zirga-zirga na tsawon lokaci.

Jarrabawar 'yan kasuwar ba ta ƙare da lafawar rikicin ba. A watan Maris na 2023 gobara ta tashi a kasuwar, makonni kaɗan bayan wadda ta laƙume Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairu. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban sashe na birnin, har da unguwar Gamboru. A tsakanin waɗannan masifu biyu, dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa a kan kimanin naira 460 kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024.

Wanda ya ga dukiyarsa ta salwanta sau biyu cikin shekara biyu, ba abin mamaki ba ne ya fara tunanin kafa ƙafa a wata ƙasa. A daidai wannan gaɓa ce tallace-tallacen da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp ke samun kunnen sauraro, inda ake cewa mutum ya biya wasu kuɗi a yi masa rajistar kamfani a Dubai ko Landan ko Amurka, takardar zama da izinin aiki su biyo baya. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, domin ƙasashe da yawa suna ba masu zuba jari izinin zama. Sai dai tazarar da ke tsakanin takardar kamfani da takardar zama ta fi yadda masu tallar ke nunawa, kuma a cikin wannan tazara ce jarin mutane ke nutsewa.

Takardu uku, ofisoshi uku

Kusan kowace ƙasa ta raba al'amarin gida uku. Na farko shi ne rajistar kamfani, wadda ke tabbatar da cewa an kafa wata ƙungiyar kasuwanci mai suna da adireshi da masu hannun jari. Na biyu shi ne izinin zama, wanda hukumar shige da fice ke bayarwa ga mutum da sunansa. Na uku shi ne izinin aiki, wanda a wasu ƙasashe ke haɗe da na zama, a wasu kuma ma'aikatar ƙwadago ce ke bayar da shi daban.

Ofishin rajista yana son kamfanoni su yawaita, saboda haka yakan sauƙaƙa sharuɗɗa, har wanda bai taɓa taka ƙasar ba ya yi rajista ta intanet. Hukumar shige da fice kuwa aikinta tacewa ne. Tambayoyinta su ne ko kamfanin yana aiki da gaske, nawa aka zuba a cikinsa, daga ina kuɗin suka fito, 'yan ƙasa nawa zai ɗauka aiki, kuma me ya sa dole sai wannan baƙon ne zai gudanar da shi. Mallakar kamfani a wata ƙasa na nufin mutum na iya cin ribarsa yana zaune a Maiduguri. Zama a ƙasar da tsayawa a shago ko ofis kullum wani haƙƙi ne da ake nema daban.

Najeriya ma haka take yi wa baƙi, kuma tsarinta ya isa misali. Ɗan Chadi ko Lebanon ko Sin da ke son kafa harka a Maiduguri zai fara da rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Bayan nan sai ya nemi izinin kasuwanci daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ƙa'idojinta na 2022 suka sharɗanta jarin naira miliyan 100 ga kamfanin da baƙo ke da hannu a ciki. Sannan ya nemi gurbin ɗaukar ma'aikata baƙi, kafin Hukumar Shige da Fice ta ba shi katin zama da aiki da ake kira CERPAC. Takardar CAC ita kaɗai ba ta ba shi ikon kwana ɗaya a bakin aiki.

Maƙwabta na kusa: Chadi, Kamaru da Nijar

Ga ɗan kasuwar Gamboru, "ƙasar waje" mafi kusa ita ce Kamaru da Chadi. Ɗan Najeriya na iya shiga ƙasashen biyu don gajeriyar ziyara ba tare da biza ba, kuma wannan sauƙi ne ke sa wasu ɗaukar cewa zama da buɗe shago ma haka suke. Ƙasashen biyu ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, suna cikin ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya ce, CEMAC, don haka yarjejeniyoyin ECOWAS ba su shafe su ba.

Dokar kamfanoni a can ta ginu ne a kan yarjejeniyar OHADA da aka sanya wa hannu a 1993, wadda ƙasashe 17 ke aiki da ita, har da Chadi da Kamaru da Nijar da Benin. A ƙarƙashinta ana shigar da ɗan kasuwa ko kamfani cikin kundin rajistar kasuwanci da ake kira RCCM. Kamaru ta rage mafi ƙarancin jarin ƙaramin kamfani zuwa sefa 100,000 a 2016, kuɗin da bai fi ƙarfin matsakaicin mai shago ba. Amma dokar ƙwadagon ƙasar ta 1992 ta ce kwantiragin aikin baƙo sai ministan ƙwadago ya sa masa hannu, kuma katin zama daga hukumar 'yan sanda ake karɓarsa, ana sabunta shi idan wa'adinsa ya cika. Wanda ya riƙe takardar RCCM babu katin zama, a idon jami'in da ya tare shi a Marwa ko Garwa baƙo ne da ya wuce wa'adi.

A ɓangaren yamma, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza na kwana 90. Ƙarin yarjejeniyar 1986 ta kawo haƙƙin zama, ta 1990 kuma haƙƙin kafa sana'a. Jamhuriyar Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025. Zirga-zirga ta ci gaba, amma wanda ke shirin zuba jari a Diffa ko Damagaram ko Maraɗi yana bukatar ya tabbatar da matsayinsa daga hukumomin ƙasar kai tsaye, ya daina dogaro da tsohon tsari.

Darasin Ghana

Ghana ta nuna cewa ko a cikin ECOWAS, yarjejeniyar yanki na iya cin karo da dokar gida. Dokar cibiyar bunƙasa zuba jari ta ƙasar, wadda aka kafa a 2013, ta keɓe saye da sayarwa a cikin kasuwa da talla ga 'yan Ghana kaɗai. Ta sharɗanta wa baƙon da ke son kafa kamfanin cinikin kaya jarin dalar Amurka miliyan 1, tare da ɗaukar ƙwararrun 'yan Ghana aƙalla 20 aiki. Dokar ta 2013 ta sharɗanta wa kamfanin da baƙo ya mallaka gaba ɗaya a wasu fannonin dala 500,000, na haɗin gwiwa da ɗan ƙasa kuma dala 200,000.

Wannan doka ta nuna a fili yadda jari ke zama ma'aunin izinin aiki. Kamfanin da jarinsa ya kama daga dala 50,000 zuwa 250,000 yana da gurbin baƙo 1, wanda ya kai 500,000 yana da 2, wanda ya kai 700,000 yana da 3, abin da ya haura haka kuma 4.

A 2019 da 2020 an rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a Kumasi da Accra bisa wannan doka, lamarin da ya kai Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, zuwa Accra a watan Satumba na 2020 don tattaunawa. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna da takardun rajista kuma suna biyan haraji. Abin da ya kayar da su shi ne irin sana'ar da suke yi tana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, jarin dala miliyan 1 ya kama naira biliyan 1.5.

Dubai: inda hanyar ke aiki, da sharuɗɗanta

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ƙasar da kafa kamfani ya fi saurin kai mutum ga takardar zama, shi ya sa sunan Dubai ya fi yawa a tallace-tallacen. Tun buɗe yankin ciniki na musamman na Jebel Ali a 1985, baƙi ke iya mallakar kamfani baki ɗaya a irin waɗannan yankuna. Daga 1 ga Yuni, 2021, aka faɗaɗa damar zuwa mafi yawan sana'o'i a cikin gari, aka janye tsohon sharaɗin cewa ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 cikin 100.

Matakan a bayyane suke. Ana karɓar lasisin kasuwanci, a yi hayar ofis ko tebur, a buɗe wa kamfanin fayil a hukumar shige da fice, sannan mai kamfanin ya nemi bizar mai zuba jari, a yi masa gwajin lafiya, a ɗauki hoton yatsunsa, a ba shi katin shaidar zama. Bizar yawanci ta shekara 2 ce, lasisin kuma kowace shekara ake sabunta shi da kuɗi. Ranar da lasisi ya mutu, bizar da ke rataye a jikinsa tana cikin haɗari, kuma tarar wuce wa'adi dirhami 50 ce a kowace rana. Mai takardar zama ta yau da kullum da ya yi fiye da wata 6 a jere a wajen ƙasar na iya rasa ta.

Akwai abubuwa uku da masu talla ba su cika ambata ba. Na ɗaya, bizar mai kamfani ta ba shi ikon gudanar da nasa kamfanin ne, ba ta halatta masa aiki a ƙarƙashin wani ba sai da izinin ma'aikatar ƙwadago. Matashin da ya sayar da fili ya buɗe kamfani na suna kawai, da niyyar ya isa Dubai ya nemi aikin gadi ko tuƙi, ya sayi takardar da ba ta dace da bukatarsa ba. Na biyu, bankuna na bincike mai tsanani kafin buɗe asusun kamfani, suna neman shaidar ciniki da tushen kuɗi, kuma suna da ikon ƙi. Na uku, zamanin rashin haraji ya wuce: akwai harajin sayen kaya na kashi 5 cikin 100 tun Janairun 2018, da harajin kamfanoni na kashi 9 cikin 100 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000 tun Yunin 2023.

Sama da duka, bayar da biza ikon gwamnati ne, kuma siyasa na iya rufe ƙofa dare ɗaya. A watan Oktoba na 2022 ƙasar ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, sai ranar 15 ga Yuli, 2024 Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya sanar da janye takunkumin. Wanda ya biya kuɗin lasisi gab da dakatarwar ya zauna kusan shekara biyu da kamfanin da ba ya iya zuwa ya gani.

Saudiyya da haɗarin fakewa da sunan wani

A Saudiyya, inda Hausawa da Barebari suka daɗe da zama, baƙo mai son kafa kamfani yana yin rajista a Ma'aikatar Zuba Jari, kuma iƙamarsa na ratayuwa ne a kan wannan kamfani. A 2019 ƙasar ta ɓullo da iƙama ta musamman wadda ba ta bukatar kafili, a kan riyal 800,000 ta dindindin ko riyal 100,000 a shekara.

Tsadar waɗannan hanyoyi ce ke tura wasu ga dabarar buɗe shago da sunan ɗan ƙasa, baƙo ya zuba kuɗi ya gudanar, mai sunan ya riƙa karɓar kasonsa duk wata. Larabawa na kiran wannan tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 5, ga kuma ƙwace dukiya da korar baƙon. Ko hukuma ba ta gano ba, a takarda dukiyar ta mai sunan ce. Idan ya rasu ko ya juya baya, wanda ya zuba jarin ba shi da hujjar da zai kai gaban alƙali ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

Birtaniya, Amurka da Turai

A Birtaniya rajistar kamfani ta intanet na kammaluwa cikin kwana ɗaya, kuma kuɗinta fam 12 ne kafin a ɗaga shi zuwa fam 50 a watan Mayu na 2024. Wannan arha ce ke ba 'yan damfara damar miƙa wa mutum takarda ta gaskiya mai tambarin gwamnati, su karɓi miliyoyin naira, alhali takardar ba ta da alaƙa da biza. Tsohuwar bizar 'yan kasuwa an rufe ta a watan Maris na 2019, ta masu zuba manyan kuɗi kuma a Fabrairun 2022. Wadda aka buɗe a Afrilun 2023 ta masu ƙirƙirar sabuwar sana'a ce, kuma sai wata cibiya da gwamnati ta amince da ita ta shaida cewa tunanin sabo ne, mai yiwuwa ne, kuma zai iya bunƙasa. Shagon sayar da kayan abinci ko tufafi bai shiga wannan sahu ba.

Wasu masu ba da shawara na tallata wata dabara, cewa mutum ya kafa kamfani, kamfanin ya nemi lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, sannan ya ɗauki mai shi aiki. Dabarar na bukatar kamfani mai ciniki na gaske, gurbin aiki na gaske, da albashin da ya kai mizanin gwamnati, wanda ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake tashi zuwa 41,700 a Yulin 2025. Idan aka soke lasisin kamfanin, bizar ma'aikacin na bin sa.

A Amurka ma baƙo na iya rajistar kamfani daga gidansa, amma hakan bai ba shi ikon shiga ƙasar ko aiki a cikinta ba. Bizar masu matsakaicin jari, E-2, ta 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniya da Amurka ce. Kamaru da Senegal da Togo na cikin jerin, Najeriya ba ta ciki. Shirin EB-5 kuwa yana bukatar dala 800,000 a yankunan da aka keɓe ko dala 1,050,000 a sauran wurare, tare da samar wa mutum 10 cikakken aiki. Ita kuma Estoniya, wadda tun Disambar 2014 ke bayar da katin zama na intanet don gudanar da kamfani daga nesa, ta bayyana ƙarara cewa katin ba biza ba ne kuma ba ya ba mutum damar shiga ƙasar ko Tarayyar Turai.

Wa hanyar ta dace da shi

Idan aka jera waɗannan dokoki, ma'auni ɗaya ke fitowa: ƙasashe na buɗe ƙofa ga kasuwancin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa, suna rufe ta ga kamfanin da aka ƙirƙira don biza kawai. Dillalin da ya shekara goma yana sauke kaya a Njamena, yana da abokan ciniki da rasit da bayanan banki, rajistar kamfani a Chadi za ta kare dukiyarsa, ta ba shi damar buɗe asusu da shiga kwangila, ta kuma ƙarfafa bukatarsa ta katin zama. Wanda ba shi da komai sai kuɗin gado ko na gonar da aka sayar, yana biyan lasisi da haya da kuɗin wakili kowace shekara a kan kamfanin da ba ya shigo da ko sisi. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kafin a fitar da kuɗi, akwai tambayoyin da amsarsu ke raba gaskiya da yaudara. Wace hukuma ce za ta bayar da takardar zaman, kuma mene ne sunan bizar a shafin gwamnatin ƙasar? Shin 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka cancanta? Sana'ar da ake son yi tana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa? Nawa ne kuɗin sabuntawa a shekara ta biyu da ta uku? Idan aka ƙi bayar da biza, nawa za a mayar? Wakilin da ya yi alƙawarin cewa biza tabbas ce ya yi alƙawarin abin da ba ya hannunsa, domin babu lauya ko dillalin da ke da iko a kan hukuncin jami'in shige da fice.

Akwai kuma haƙƙin dokar gida. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa matafiyi bayyana wa Hukumar Kwastam duk kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, kuma ana iya ƙwace abin da aka ɓoye. Tura jari ta banki na barin shaidar da hukumomin ƙasar da za a je za su nema daga baya, abin da aike ta hannun 'yan canji ba ya bayarwa. Haka nan rajistar CAC da takardun haraji da bayanan asusu na shekaru a Najeriya su ne hujjar farko da ofishin jakadanci ke dubawa idan mutum ya ce shi ɗan kasuwa ne.

Dokokin nan na sauyawa daga shekara zuwa shekara, kamar yadda mizanin albashin Birtaniya ya sauya sau biyu cikin wata 16. Don haka wurin tabbatarwa shi ne ofishin jakadancin ƙasar da ake nufi, a Abuja ko Legas, da shafinta na hukuma, a ranar da za a biya kuɗin. Ga ɗan kasuwar Gamboru da ke sake tara jari bayan gobara da ambaliya, kuɗin motar zuwa Abuja don jin amsa daga bakin masu bayar da takardar ya fi arha nesa ba kusa ba a kan lasisin shekara guda da babu biza a bayansa.